Kirak ya kulle min fayiloli, da wace manhaja zan koma aiki?

Sadiƙu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma zan faɗi abin da ya faru yadda yake don kada a ba ni maganin da ba na ciwon ba. Shekaranjiya da daddare na sauke kirak ɗin wata manhajar gyaran hoto, wato kwafin da aka fasa wa lasisi don a yi aiki da shi ba tare da biya ba, daga wani shafi. Umarnin da ke ciki ya ce a kashe anti-bairos kafin a girka, ni kuwa na kashe. Da gari ya waye na tarar duk hotuna da takardun da ke kwamfutar an ƙara musu haruffa huɗu a ƙarshen suna, babu wanda ke buɗuwa, ga wani fayil mai suna _readme.txt yana neman kuɗin fansa. Aikin mutane ne a ciki na kusan wata uku. Akwai hanyar dawo da su? Kuma idan na rabu da kirak, da me zan riƙa aiki?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da alheri, Sadiƙu. Kafin komai ka cire kwamfutar daga intanet, kada kuma ka soka mata filasha ko wata ma'adana mai kaya a ciki. Alamun da ka faɗa sun yi kama da dangin bairos ɗin da ake kira STOP ko Djvu, wanda ya daɗe yana yaɗuwa ta cikin kirak. Ka ɗauki waya ka shiga shafin ID Ransomware ko na No More Ransom, ka ɗora takardar fansar da fayil ɗaya da aka kulle, za su gaya maka ainihin nau'insa. Emsisoft, kamfanin anti-bairos, ta fitar da manhajar buɗe irin wannan kulli a 2019, amma ba zan yi maka romon baka ba: tana aiki ne galibi idan bairos ɗin bai samu tuntuɓar masu shi ba lokacin da yake kullewa, sai ya yi amfani da makullin da yake ɗauke da shi. Idan ya karɓo makulli na musamman daga wurinsu, ba ta buɗewa. Kada ka biya. Kada kuma ka goge fayilolin, ka kwashe su ka ajiye, wataƙila wata rana makullin ya fito.

Malam Habu: Na manta da mafi gaggawa. Wannan dangin kan zo tare da ɓarawon kalmomin sirri. Duk abin da burauzarka ta haddace, na imel da na banki da na Facebook, ka ɗauka ya fita. Ka canza su yau daga wata na'urar, ka fara da imel.

Sadiƙu: Na gode Malam, yanzu zan fara.

Hajiya Binta: Sannu ƙanena, Allah ya kiyaye gaba. Bari in ɗauki tambayarka ta biyu ta ɓangaren da na sani. Aikina buga takardu ne da lissafi, kuma shekara shida ke nan da LibreOffice nake yi. Writer na rubutu, Calc na lissafi, Impress na gabatarwa. Kyauta ce, kuma da izinin masu ita ake rabawa. Tun 2010 gidauniyar The Document Foundation ke kula da ita. Abin da ke sa mutane su gudu a makon farko shi ne su buɗe takardar Word su ga layuka sun zame. Sau da yawa ba laifin manhajar ba ne, salon haruffan da aka yi rubutun da shi ne babu a kwamfutar. Ka girka Carlito a madadin Calibri, Caladea a madadin Cambria, faɗin haruffansu ɗaya ne, sai shafi ya zauna daram. Idan takarda ta kammala ka fitar da ita a PDF kafin ka tura. Inda nake gaskata masu ƙorafi shi ne fayilolin Excel masu makro da yawa, wato ƙananan umarnin da ake rubutawa su riƙa yin aiki da kansu, waɗannan ba duka suke tafiya daidai ba.

Ɗanjuma: Ina jajanta maka Sadiƙu, amma ni ban yarda a ɗora wa mai sauke kirak laifin duka ba. A da mutum kan sayi manhaja sau ɗaya ta zama tasa. A 2013 Adobe ta sanar da cewa ta daina sayar da sababbin manhajojinta haka, sai dai haya wata-wata, CS6 ce ta ƙarshe da ake saye a mallaka. Ranar da ka kasa biya, kayan aikinka sun tsaya. A 2024 Ubisoft ta rufe sabar wasan The Crew, waɗanda suka saya da kuɗinsu suka wayi gari ba sa iya bugawa. Shi ya sa a muhawarorin intanet za ka ji ana cewa in dai saye bai zama mallaka ba, to kwafa ma bai zama sata ba. Ɗalibin da ba shi da hali ya zauna ke nan bai koyi sana'a ba?

Malam Tukur: Ɗanjuma, ƙorafinka a kan haya yana da tushe, ni ma abin yana damuna. Amma zaluncin wani ba ya halatta maka haƙƙinsa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, ba a yarda a keta su ba. Akwai malaman da suka sassauta ga mai kwafa don karatun kansa, amma wanda yake cin abinci da manhajar ya fita daga wannan sassaucin. Kuma lalura tana faɗuwa ne idan aka samu mafita, ga shi ana ta jero mana su.

Ɗanjuma: Na ji, Malam. Amma mafitar ta kai ingancin abin da za a bari? Nan ne maganar take.

Yaya Isiyaku: Tambayarka ta cancanci amsa ta gaskiya, Ɗanjuma, don haka bari in bi su ɗaya-ɗaya yadda na gwada su.

GIMP tana yin mafi yawan abin da mai gyaran hoto ke buƙata kullum: yanke baya, gyaran haske, haɗa hotuna, rubutu a kai. Tsohon ƙorafin da ake yi mata shi ne duk tacewar da ka yi ta zauna ke nan, sai ka koma baya. Fitowa ta 3.0 da aka saki a Maris 2025 ta gyara wannan sosai, yanzu kana iya dawowa ka sauya tacewa ba tare da ka ɓata hoton asali ba. Rauninta yana wajen CMYK, tsarin launin da injinan ɗab'i ke aiki da shi. Idan aikinka maɗaba'a zai je, Krita tana aiki da CMYK kai tsaye, Scribus kuma ita ce ta tsara mujalla da littafi. Masu tambari da zanen layi su kama Inkscape. Tana buɗe fayilolin CorelDRAW, sai dai masu sarƙaƙiya kan zo da ɗan gyara. Idan wani ya turo maka PSD, wato fayil ɗin Photoshop, kana sauri, Photopea tana buɗe shi a cikin burauza, da talla take rayuwa.

A bidiyo kuwa babu ma dalilin kirak. DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta daga kamfanin da ya yi ta, Blackmagic Design, kuma ƙwararru na aiki da ita, amma tana son kwamfuta mai ƙarfi. Mai ƙaramar kwamfuta ya ɗauki Kdenlive ko Shotcut. Sauti Audacity, naɗar fuskar kwamfuta OBS Studio.

Wadda ta fi burge ni Blender ce, manhajar zanen 3D. Kamfanin da ya mallake ta a Holan ya durƙushe, sai a 2002 masu amfani da ita suka yi karo-karo suka tara Yuro 100,000 cikin 'yan makonni, aka fanshe ta aka sake ta ga kowa. Yau ana yin fina-finan zane da ita. Wannan ita ce amsata ga maganar mallaka: manhajar da ke ƙarƙashin GPL, lasisin buɗaɗɗun manhajoji irin su Blender, ba wanda zai zo ya ƙwace maka ita, kana da izinin kwafa ka ba wanda ka so.

Abin da za ka biya shi ne lokaci. Hannunka ya saba da maɓallan tsohuwar manhajarka, mako biyu na farko za ka ji aikin yana ja. Ka daure, kada ka fara koyo a ranar da mai aiki ke tsaye a kanka.

Nafisa: Yaya Isiyaku, ka bar mu ɗalibai a baya. Mu SPSS ta ƙididdiga da AutoCAD ta zanen injiniya aka fi yi wa kirak. Na rubuta kundina da jamovi, fuskarta ta yi kama da SPSS, tana buɗe fayilolinta, a ƙarƙashi kuma manhajar ƙididdiga ta R ce ke yin lissafin. Akwai JASP da PSPP su ma. Masu taswira QGIS, tsara manazarta Zotero. Masu zanen injiniya su duba FreeCAD, wadda ta kai fitowa ta 1.0 a Nuwamba 2024. Sannan Autodesk da JetBrains suna ba ɗalibai lasisin karatu kyauta idan ka nuna shaidar makaranta. Sharaɗin shi ne ba a yin aikin kuɗi da shi.

Ɗanjuma: Wannan ta lasisin ɗalibai ban san da ita ba. Zan tura wa ƙannena. Amma a kan hayar manhaja ina nan a kan bakana.

Yaya Isiyaku: A kan wannan tare muke.

Rabi'u: Tunda ana maganar, torent fa? Ni na ɗauka shi kansa haramtacce ne.

Yaya Isiyaku: A'a, hanya ce kawai ta raba fayil. Bram Cohen ya ƙirƙiro BitTorrent a 2001: ana yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowa yana karɓa daga sauran yana kuma miƙa abin da ya samu, don haka nauyi ba ya taruwa a kan saba ɗaya. Napster, manhajar raba waƙoƙi da ta fito a 1999, tana da cibiya guda mai riƙe da jerin waƙoƙi, shi ya sa kotu a Amurka ta iya tsayar da ita a 2001. Abin da ake rabawa ne ke jawo shari'a. A 2009 kotu a Suwidin ta yanke wa mutum huɗu masu alaƙa da shafin torent na The Pirate Bay ɗaurin shekara ɗaya-ɗaya kan taimaka wa keta haƙƙin mallaka. A ɗaya ɓangaren, Ubuntu da LibreOffice da Internet Archive duk suna ba da torent na halal, kuma ga mai intanet mai yankewa ya fi daɗi, don yana ci gaba daga inda ya tsaya. Ni qBittorrent nake so, ba ta da talla. Ka dai sani duk wanda ke cikin rabon yana ganin lambar IP ɗinka, wato adireshinka a intanet.

Hajiya Binta: Ni tura fayil tsakanin waya da kwamfuta ne ke ba ni wahala.

Nafisa: LocalSend, Hajiya. Ki sa ta a duka biyun, su hau wayifai ɗaya, ba ta cin data ko kaɗan.

Rabi'u: Ko Syncthing, ita da kanta take daidaita babban fayil tsakanin na'urori.

Malam Habu: Syncthing tana da kyau, amma kada a ɗauke ta a matsayin ajiyar tsaro. Da Sadiƙu yana amfani da ita a daren nan, da ta kwashi kullallun fayilolin ta kai ɗaya na'urar ta maye gurbin masu lafiya, sai fa idan ya kunna adana tsofaffin kwafi. Ajiya ta gaskiya ita ce ma'adanar da kake sokawa ka kwafa ka zare ka ajiye gefe. Abin da ba a haɗe yake ba, bairos ba ya kai masa.

Akwai illar kirak da ba a cika faɗa ba: yana sa mutum ya kashe sabuntawa don kada lasisin bogin ya lalace. A Mayu 2017 bairos ɗin fansa mai suna WannaCry ya kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Birtaniya, alhali Microsoft ta fitar da facin ramin tun Maris. Waɗanda ba su sabunta ba ne suka faɗa. Yanzu ma tallafin Windows 10 na gama-gari ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025. Wanda kwamfutarsa ba ta ɗaukar Windows 11 saboda rashin TPM 2.0, guntun tsaron da take buƙata, ya gwada Linux Mint, madadin Windows na kyauta, daga filasha kafin ya girka, ya ga ko firinta da wayifai suna aiki.

Malam Tukur: Malam Habu, a ina kuke samun waɗannan labarai? Mu sai abu ya faru muke ji.

Malam Habu: BleepingComputer don labarin bairos, TorrentFreak don shari'o'in satar fasaha, Ars Technica don labarin fasaha mai zurfi. Idan kana neman madadin wata manhaja, AlternativeTo. Kuma ko manhajar kyauta ce, daga shafin masu ita za ka sauke. A 2022 an samu tallan bogi a saman sakamakon binciken Google yana nuna kansa a matsayin shafin GIMP, yana kai mutane ga bairos. Ka rubuta adireshin da hannunka, ka tsallake talla, fayil ɗin da ka yi shakka ka ɗora shi a VirusTotal, shafin da ke duba fayil ko yana da bairos.

Sadiƙu: Na dawo. Djvu ne kamar yadda Malam ya ce, kuma manhajar Emsisoft ta nuna makullin na musamman ne, ba za ta iya buɗewa ba. Na canza kalmomin sirri. Na samo kusan rabin aikin a cikin imel da WhatsApp da na taɓa tura wa masu shi, sauran zan kira su in gaya musu gaskiya in sake yi. Malam, in goge bairos ɗin kawai ko in sake girka komai?

Malam Habu: Ka sake girka komai daga tushe. Ka kwashe kullallun fayilolin a wata ma'adana da babu komai a ciki, hotuna da takardu kaɗai, kada ka haɗa da manhaja ko ɗaya. Filashar girkawar kuma a wata kwamfuta mai lafiya za ka haɗa ta.

Yaya Isiyaku: Idan ka gama ka sa GIMP da Inkscape, ka turo min hoto ɗaya daga cikin ayyukan da za ka sake, mu yi shi tare a daren Asabar.