Me za mu kira "burn-in" da Hausa?

Jama'a, a taya ni. Ranar Asabar wani dattijo ya shigo shagona a Bauchi Road, nan Jos, rungume da monita. Ya ce, "Ɗana, duba min, ko na canza hoto sai in ga tsohon rubutu kwance a ƙasa." Na jona, na danna maɓalli, fitilar ta tsaya ruwan lemo, alamar bai samu saƙo daga kwamfuta ba. Na ƙara danne wayar baya, ya kawo. Da na buɗe farin shafi, ga layin ƙasa na Windows can dishi-dishi, ya ƙi tafiya. Turawa na ce wa wannan burn-in. Na buɗe baki zan yi wa Baba bayani, kalmar Hausa ta ƙi zuwa.

Yarona ya ce, "Maigida, ƙonewar allo mana." Ban yarda ba. Duk wanda ka ce wa monitansa ya ƙone, hankalinsa kan wutar NEPA da warin waya zai tafi, alhali nan ba hayaƙi, komai na aiki.

Ga abin da ke faruwa. Tsoffin monita masu ƙeya, wato CRT, bayan gilashinsu shafe yake da sinadarin fosfo, shi ke ba da haske. Idan hoto ɗaya ya daɗe a wuri ɗaya, fosfon wurin sai ya gaji fiye da na kewaye, har ko an kashe kana iya ganin shatin. A allon zamani irin na OLED kuwa kowane ɗigo shi ke kunna kansa, wanda ya fi shan aiki ya riga sauran dushewa, shuɗi ma ya fi saurin tsufa. Wannan ba ya gyaruwa. Allo irin na LCD daban ne, fitila ce a bayansa, kuma shatinsa yawanci yakan goge idan an bar shi ya huta.

Ashe abu 2 ne, suna 2 muke buƙata.

Wani abokina ya kawo "kanta". Na so ta ƙwarai, don kanta ma daga yawan gugar wuri ɗaya take fitowa, kamar tafin manomi. Sai dai ita kauri take ƙarawa, allo kuwa raguwa yake yi. "Koɗewa" ta fi kusa da gaskiyar abin. Ku tuna atamfar da aka rataye a bakin shago a kasuwar Taminus, gefen da rana ke duka ya koɗe, cikin ninkin yana nan sabo fil. Amma in ka ce allo ya koɗe, za a ɗauka duka fuskar ce ta dushe.

Ni dai na tsaya a kan "tabon allo" ga wanda ba ya tafiya, da "inuwar allo" ga mai wucewa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan da idonsa: ka wanke allonka, ka shanya, amma shatin tawadar bara na nan cikin itacen.

Rigakafin ba wuya. Rage haske, sa allon ya yi barci da kansa bayan minti 5 ko 10, ɓoye layin ƙasa idan OLED ne, kuma kashe shi in za ka tashi.

Na Baba inuwa ce. Monitan ya kwana a kashe, da safe muka saka masa bidiyo mai yawan motsi, kafin azahar ta kusa ɓacewa.

Saura screensaver, hoton nan mai yawo da aka ƙirƙira tun zamanin CRT don kada hoto ya tsaya wuri ɗaya. Ina tunanin "makarin tabo". Malaman Hausa da ke nan, ta zauna a kunnenku?