Abin da aka ce kan yi wa kwastoma ta'aziyya

Jama'a na bi maganganun duka kan yadda mai shago zai yi in an yi wa kwastomansa rasuwa, ga abin da na tattaro.

1. Kusan kowa ya yarda in gari ɗaya kuke to ka taka da ƙafarka cikin kwana ukun zaman makoki, saƙon WhatsApp kaɗai bai isa ba. In nesa ne ka buga waya.

2. Kar ka tsawaita. "Allah ya jiƙansa, Allah ya ba ku haƙuri", ka ɗan zauna ka tashi.

3. Maganar bashi ko oda kar ta fito ko kaɗan, nan dai babu wanda ya saɓa, wasu ma suka ce ka ja wa yaran shago kunne kar su tura masa tuni.

Inda aka rabu shi ne yaushe za a dawo maganar kasuwanci, wasu sun ce bayan bakwai, wasu arba'in, wasu kuma sai shi ya fara. In Hajiya ce mai takaba, wata 4 da kwana 10 ne, a bi ta hannun ɗanta. Ni na fi karkata ga a jira kwastoman ya fara gaskiya.

Kan gudummawa ma an rabu, amma mafi yawa sun ce shinkafa ko ruwa, ba tare da tambarin shago ba.