Ganyen shayi a matsayin fulawar tsakar gida a Kano

Abin da na tsinta daga wata hira da aka yi kan shuka bishiyar shayi don ado, kusan kowa ya yarda tana da kyau, ganyenta kore shar mai sheƙi duk shekara ga fure fari mai rawaya a tsakiya, amma fa a Kano sai an dage. Ita sanyi da ruwan sama take so, shi ya sa a Najeriya a tsaunin Mambila na Taraba ake nomanta, nan kuwa zafin Afrilu kaɗai ya isa ya ƙone ta.

Shawarar da ta fi yawa a sa ta a babbar tukunya mai huda a ƙasa, a ajiye inda ranar safe kawai ke taɓawa, kamar gindin darbejiya. Ƙasa mai tsami take so, pH (ma'aunin tsamin ƙasa) wajen 5, don haka kar a kuskura a zuba mata toka yadda muka saba, ruɓaɓɓen ganye ya fi. Ruwan sama ma ya fi mata na bohol, a tara a duro. Lokacin hunturu a riƙa yayyafa wa ganyen ruwa, iskar nan busar da shi take.

Wasu dai cewa suka yi wahalar ta yi yawa, in shinge kake so shuka lalle kawai, kuma gaskiya ban ga laifinsu ba.