Ɗalibar da ke Amurka da bizar F-1: wane fom ɗin haraji ya wajaba in cike?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗaliba ce daga Zariya, na shigo Amurka a watan Agusta na 2024 domin karatun digiri na biyu, kuma ina aiki a ɗakin karatu na jami'armu sa'o'i 20 a mako, wanda shi ne iyakar abin da doka ta yarje mana yayin da ake karatu. A ƙarshen Janairu an ba ni takardar W-2 mai nuna albashina da harajin da aka cire, sannan an ce takardar 1042-S na nan tafe saboda tallafin masauki da nake samu. Wata abokiyar karatuna, 'yar ƙasar nan, ta shigar da bayanaina a TurboTax, wata manhajar cike fom ɗin haraji, manhajar kuma ta nuna za a mayar mini da kusan duk abin da aka cire. Hankalina bai kwanta ba, shi ya sa ban aika ba. Don Allah waɗanda suka riga ni zuwa su yi mini bayani.

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin yi dabara da ba ki aika ba, domin wannan manhajar an yi ta ne don 'yan ƙasa da waɗanda hukumar haraji ta IRS ta ɗauka a matsayin mazauna, ke kuwa a wurinta baƙuwa ce har yanzu. Ɗalibi mai bizar F-1 yana zama baƙo a sha'anin haraji tsawon shekaru 5 na kalanda, kuma ko wata ɗaya ya yi a cikin shekara, an lissafa ta cikakkiya. Tunda kin shigo a 2024, naki shekarun su ne 2024 zuwa 2028, muddin ba ki taɓa zama a nan da irin wannan bizar ba a baya.

Saboda haka fom ɗin da ya shafe ki shi ne 1040-NR, tare da fom 8843 wanda ke bayyana matsayinki na ɗaliba, kuma tunda kina da albashi, wa'adinki 15 ga Afrilu. Dalilin da ya sa kika ga kuɗi masu yawa shi ne manhajar ta ba ki rangwamen da ake yi wa mazauna, inda ake yafe haraji a kan wani kaso na farko na kuɗin shiga, alhali baƙo ba shi da wannan haƙƙi. Ɗaliban Indiya ne aka keɓe, saboda yarjejeniyar haraji da ƙasarsu ta ƙulla da Amurka. Najeriya ba ta da irin wannan yarjejeniya, haka Nijar da Gana.

Ki jira 1042-S, wadda doka ta ce a bayar zuwa 15 ga Maris. Tallafin da ya tafi ga kuɗin makaranta da littattafai ba a biya masa haraji, amma na masauki da abinci ana cire masa kashi 14 cikin ɗari tun kafin ya iso hannunki. Da yake matakin haraji mafi ƙanƙanta kashi 10 ne, mai yiwuwa a mayar miki da ɗan wani abu ta halattacciyar hanya. Ki tambayi ofishin ɗalibai 'yan ƙasashen waje ko suna ba da lambar shiga Sprintax, manhajar cike fom ɗin haraji ta baƙi, domin jami'o'i da yawa suna biya wa ɗalibansu.

Amsa ta biyu:

'Yar'uwa, ki riƙe bayanin malam da kyau, domin ni na faɗa wannan ramin. A shekarata ta farko na cike fom ɗin mazauna, har da wani rangwamen ilimi da ban cancanta ba, kuɗi suka shigo asusuna, na yi ta murna, na aika wa mahaifiyata wani abu na hidimar azumi. Sai bayan shekara guda, a wani taron wayar da kai, na gane kuskurena, na fita daga zauren jikina a sanyaye. Dole na cike fom ɗin gyara, 1040-X, na haɗa da 1040-NR, na mayar da kuɗin da na riga na kashe, har da kuɗin ruwa da aka ɗora a kai, wanda shi ya fi komai yi mini ciwo. Abin da ya sa ban yi shiru na bar maganar ba shi ne takardun haraji suna cikin abubuwan da ake iya dubawa ranar da mutum zai nemi izinin zama na dindindin, kuma ba na son a sami sa hannuna a kan bayanin da ba gaskiya ba.

Amsa ta uku:

Ƙari kaɗan, Malama. Ki duba akwati na 4 da na 6 a takardarki ta W-2. Ɗalibi baƙo ba ya biyan harajin fansho da na lafiyar tsofaffi, waɗanda jimillarsu kashi 7.65 ne na albashi, kuma a waɗannan akwatuna biyu ake nuna su, don haka idan an cire miki, ki fara neman wurin aikinki ya mayar, in ya ƙi sai ki nema daga IRS da fom 843 da 8316. Kada kuma ki manta da harajin jiha, domin yawancin jihohi suna da nasu fom ɗin daban, ko da yake irin su Texas da Florida ba sa karɓar haraji a kan albashi.

Mai tambaya:

Allah Ya saka muku da alheri. Na duba, akwatunan biyu babu komai. Tambaya ɗaya ta rage: maigidana da ɗiyarmu suna tare da ni da bizar F-2, kuma ba su da kuɗin shiga ko kaɗan. Shin akwai abin da ya hau kansu?

Amsa ta farko:

Akwai, ƙanwata. Kowannensu zai sami nasa fom 8843, har da yarinyar, kuma ana aikawa ta gidan waya zuwa ofishin IRS da ke Austin a jihar Texas, kowanne a cikin ambulan ɗinsa. Ki ajiye kwafin duk abin da kuka aika, tare da rasidin gidan waya mai ɗauke da kwanan wata.