Taimako: me za mu kira "graft" a tiyatar idon doki?

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shiri a kan ciwon idon dawaki, kuma kalma biyu sun tsaya mini. Likita ya yi bayanin gyambon da ke fitowa a kan cornea, wato tantanin nan mai garau da ya rufe baƙin ido. Ya ce in gyambon ya ci fiye da rabin kaurinsa, ɗiga magani ba ya wadatarwa, sai an yi graft. Me zan ce masu dawaki su gane?

Mai fassara: Wa alaikumus salam. Dashe mana. Kunne ya riga ya saba da dashen ƙoda.

Ɗalibar Hausa: Ko aure, yadda masu lambu ke cewa auren bishiya?

Likitan dabbobi: Aure zai rikita mutane, za a ɗauka barbara ake nufi. Dashe ma akwai gyara. Aikin da aka fi yi shi ne a yanko wani yanki na tantanin da ya lulluɓe farin idon dokin kansa, a jawo shi kan gyambon a ɗinke, amma ba a raba shi da tushensa. Dalili kuwa, cornea ba ta da jijiyoyin jini. Ta wannan tushen ne jini ke kai kariya da magani inda ƙwayoyin cuta irin su Pseudomonas ko Fusarium ke narkar da ido. Sai bayan mako 6 zuwa 8 ake datse shi. Abin da ba a cire daga mazauninsa ba, an dasa shi ke nan?

Tsohon malami: Ba a dasa ba! Kalmar tana nan tun kaka da kakanni: maho. Wuri ya huje, an kawo ƙyalle an rufe an ɗinke. Mahon ido. Mun bar maho ya mutu muna cewa faci, yanzu kuma muna neman abin da ke hannunmu.

Mai fassara: Allah ya gafarta Malam, mutum nawa 'yan ƙasa da shekara 30 suka san maho? Rediyo ne fa, ba aji ba.

Tsohon malami: To a ina za su ji in rediyo ta ƙi faɗa? Larabawa da Faransawa suna da majalisun da ke tsare harshensu, mu kuwa kunyar namu muke ji.

Mai fassara: Ba kunya ba ce. Tiyata da asibiti aro ne, kuma Malam yana faɗarsu kullum. Sannan wanda ya ji maho zai zaci aikin wucin gadi ne, ya raina shi.

Tsohon malami: Aro inda babu, na yarda. Nan akwai.

Likitan dabbobi: Malam yana da gaskiya a gefe ɗaya. Akwai wani salon da ake amfani da tantanin mabiyiyar goɗiya, a tsabtace shi a adana, a shimfiɗa a kan gyambon. Ba ya kawo jini, rufi ne da ke rage kumburi, kuma tabonsa bai kai na farkon ba. Wannan kam maho ne sak. Ni dai roƙona, 'yar'uwa, ki gaya musu doki mai runtse ido yana hawaye a kira likita ranar. Idon na iya narkewa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma maganin ido mai siteroyid, wato wani sinadarin rage kumburi, yana ƙara lalata shi.

Mai shirin rediyo: Zan faɗa, Likita. Cornea fa? Wani ya ce mini hakiya.

Ɗalibar Hausa: A'a, hakiya ita ce farin tabon da ke saura bayan ciwon. Ni gilashin ido na fi ji.

Tsohon malami: Gilashin ido ai tabarau ne. Garkuwar ido.

Mai shirin rediyo: Lokaci ya ƙure mini. Zan ce dashen tantani a kan gyambon ido, sannan in bayyana cewa maho ne da ake yi wa ido da nama mai rai. Cornea kuwa zan siffanta ta kawai, ba suna.

Tsohon malami: Ban gamsu ba, maho ya kamata ya zo gaba. Amma ki faɗe shi sau biyu, kuma a hankali.