Omo ne ke kashe baƙin tufa, ko rana?

Tela, Babbar Kasuwa: Salamu alaikum. Ni dai ina nan kan bakana, omon nan mai sa farin kaya ƙyalli shi ke kashe baƙar shadda da kakin soja. Wanki kaɗan, baƙi ya koma ruwan toka, mai kaya ya dawo yana cewa yadin ne ba kyau.

Mai wanki, unguwar Zariya: Maigida, a yi wa omo adalci. Ranar Maradi a watan Afrilu, ka shanya baƙi tun hantsi har la'asar, ko da ruwa zalla ka wanke sai ya koɗe. Farin da ke kwanciya a bakin aljihu da kan ɗinki kuwa gari ne bai narke ba. A ƙara ɗauraya, a juya rigar a shanya a inuwa.

Malamin kimiyya: A yawancin garin sabulu akwai sinadarin da ba dauɗa yake fitarwa ba, manne wa zare yake, musamman auduga. Yana shan wani hasken rana da idonmu ba ya gani, ya maido shi shuɗi-shuɗi, sai fari ya ƙara fitowa. Ba ya cin rini. Jabel, wato ruwan bilic, ke cin rini, da dirza.

Tela: To Malam, me ya sa aka hana sojojin Amurka wanke kakinsu da omo mai wannan sinadarin?

Tsohon soja: Gaskiyarka ɗana, yana cikin ƙa'idar wankin kakinsu, har sitaci an hana. Amma ba don koɗewa ba ne, gudun kada a hango mutum da na'urar gani da dare ne. Wannan batun rai ne, ba na ado ba.

Malamin kimiyya: Baba, ko nan akwai jayayya. Na'urar ta fi kama hasken da ke gaba da jan launi, wanda ido ba ya gani, sinadarin kuma a ɓangaren shuɗi yake aiki. Inda na yarda sinadarin zai iya tona mutum shi ne wajen dabba: barewar Amurka ta fi ganin shuɗi a kan ja.

Maharbi, Madarunfa: Ni turaren omon ya fi damuna. Iska na juyawa nama ya sheƙa. Sabulun salo nake sa wa kayan daji.

Tela: Har yanzu ban gamsu ba. Gobe zan wanke ƙyallen kaki biyu, ɗaya da omo ɗaya da salo, mu haska su da fitilar duba jabun kuɗi.

Malamin kimiyya: Ka duba wurin da ke da ruwan ƙasa a jikin kakin, Maigida. Baƙin rini haɗiye hasken yake.