Wai rasizim ɗin nan mi za mu ce mishi da Hausa?

Salamu alaikum jama'a. Malaman Hausa da masu fassara na Gusau, Kaura, Mafara har zuwa Argungu da Birnin Kebbi ku matso kusa, akwai magana. Wagga kalma ta Turawa da suke cewa rasizim, kowa ya san gidajen rediyo sun daɗe da yi mata suna, wariyar launin fata. Ni dai ina ganin rigar ta yi mata kaɗan, kuma zan faɗi dalili.

Inda kalmar ta zauna daidai babu gardama. Mulkin da Turawa 'yan tsiraru suka kafa a Afirka ta Kudu daga 1948 zuwa 1994, wanda suke kira afatayid da yarensu na Afirkans, launin fata ne zalla, unguwa daban, makaranta daban, har bencin zama daban. Ranar 21 ga Maris 1960 'yan sanda suka buɗe wuta a Shafbil suka kashe mutum 69 don sun fito zanga-zangar ƙin takardar izinin yawo, shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wannan ranar duk shekara don yaƙi da wariyar launin fata. Haka abin da aka yi wa Rosa Parks, baƙar fatar da aka kama don ta ƙi tashi ta ba Bature kujera cikin bas a Amurka a 1955, haka kukan biri da 'yan kallo suke yi wa ɗan ƙwallo Vinicius a filayen Sifen. Duk wanga wariyar launin fata ne, a bar shi yadda yake.

To amma Yahudawa miliyan 6 da Hitila ya hallaka fa? Fararen fata ne kamar waɗanda suka kashe su. Ruwanda a 1994, Hutu da Tutsi duk baƙaƙe ne, yarensu ma ɗaya, amma cikin kwana kamar 100 aka kashe mutum wajen dubu 800. In ka ce wa tsohuwa a ƙauye wannan wariyar launin fata ce sai ta tambaye ka wane launi kuma? Kuma ita kanta yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1965 kan kawar da rasizim ba launi kaɗai ta ambata ba, ta haɗa da zuri'a da ƙabila da ƙasar da mutum ya fito.

Wani malami ya ce min mu ce wariyar jinsi mana. Da can da ta yi, tunda jinsi na nufin iri, amma yanzu 'yan ƙungiyoyi sun riga sun kwashe kalmar sun kai ta wajen maza da mata, kana cewa wariyar jinsi kowa zai ɗauka maganar hana mata aiki kake. Wani kuma ya ce ƙabilanci ai ya isa. Bai isa ba yallaɓai, don ƙabilanci sau da yawa son naka ne, ka ba ɗan garinku aiki ka hana wani, ba dole sai ka ɗauka shi wancan ɗin ba cikakken mutum ba ne.

Abin da ni nake kawowa shi ne wariyar asali. Asali kalma ce da Bahaushe ya san nauyinta, in aka ce wa mutum ba shi da asali an gama da shi. Kuma tana kama abin da ke cikin gidanmu wanda launin fata ke bari ya sulale, don mu faɗi gaskiya, har yau akwai gidajen da za a hana yaro ɗiya don kakansa mahauci ne ko maƙeri ko wanzami, ko a ce ai zuri'ar bayi ne, yaron ko yana da digiri biyu ko limanci yake yi ba ruwansu, kuma masu wannan hali su ne za ka ga sun fi kowa zagin Turawa a Facebook ranar da aka kashe George Floyd a 2020. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko garin asali ko addini, har ma da yanayin haihuwarsa, wanda kusan shi ne wannan gorin da muke yi.

Sai dai a lura, wariya aiki ce, abin da aka yi maka a fili. Abin da ke zuciya kafin a kai ga aikin, wanda suke cewa firejudis, shi ƙyama ce ko mugun zato, ya danganta da zancen. Kada mu cakuɗa su. Mutum na iya ƙyamarka shekara da shekaru bai taɓa samun ikon ware ka ba.

Shi kuwa siteriyotayif ba ma sai mun wahala ba, kuɗin goro. An yi musu kuɗin goro, shi ke nan. Mu nan Zamfara mun fi kowa sanin illarsa, tunda rikicin 'yan bindiga ya sa wasu duk Bafulatanin da suka gani a kasuwa ɗan ta'adda ne a wurinsu, alhali Fulanin da aka sace wa shanu aka kashe wa 'yan uwa ba su ƙirguwa, can kuma cikin daji duk Bahaushe ɗan sa-kai ne. In ka je Kudu kuma dukkanmu aboki ne, da mu da su.

Wadda ke ba ni ciwon kai ita ce zenofobiya. 'Yan jarida na rubuta ƙyamar baƙi, kuma a baki ba matsala don ana jan wasalin, amma a rubuce baƙi na launi da baƙi na baƙunci duk iri ɗaya ne. Ka rubuta ana ƙyamar baƙi a Afirka ta Kudu, mai karatu sai ya zaci Turawa ne suka dawo da halinsu, alhali a 2008 da 2019 baƙaƙe ne suka far wa baƙaƙe 'yan uwansu 'yan Zimbabuwe da Mozambik da Najeriya. Mu ma dai mun kori 'yan Gana a 1983 zamanin Shagari, su kuma sun kori namu a 1969. Ni a rubutu ƙyamar bare nake sawa, ko ƙyamar baƙin haure in maganar takardu ce, amma bare ɗin ta fi faɗi.

Kuma dan Allah kar wani ya jawo min wasan taubasai cikin wagga magana, abin da ke tsakanin Fulani da Barebari ko Gobirawa da Yarbawa ba wariya ba ne, kowa na ramawa kuma ana tashi ana cin tuwo tare.

Saboda haka ga inda na tsaya: wariyar asali ta zama uwa, wariyar launin fata reshenta ce in fata ce dalili. Malamanmu na sashen Hausa a jami'ar Gusau, in akwai inda asali zai ba da matsala ku faɗa, musamman a jimla irin ta labarai, don ni na gwada "an zarge shi da kalaman wariyar asali" kuma ta zauna min a kunne.